Ƙofa ta Bakwai da Akuyar Likitan Haƙori

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kare Haƙƙin Mallaka,
Kamfanin Garkuwa Biyu,
Magadan wasan kwamfutar nan mai suna Ƙofa Tara,
Can saman bene, inda wasiƙar ƙaramin mutum ba ta cika hawa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da lauyoyinka baki ɗaya, har da firintar da ta buga takardar da kuka aiko mini, wadda na ga alama robar jan takardarta ta fara cinyewa, don ta tauna gefen shafi na uku. A yi mini afuwa, sana'a ce ta yi magana. Ni mai gyaran firinta da injin kwafi ne, kuma shekara ashirin da shida ke nan ina cin abinci da sukudireba.

Takardarku ta iso shagona ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, a hannun wani ɗan aike mai hular kwano da ya ce sai na sa hannu wuri uku. Maƙwabcina mai sayar da fenti ya hango tambarin ruwan zinariya a jikin ambulan, ya ɗauka kwangila ce, ya jawo kujerarsa yana taya ni murna. Da na karanta masa shafin farko, sai ya tuna ya bar kwastoma a shago, ya ja kujerar ya koma.

Tunda wannan wasiƙa a buɗe take, bari na faɗa wa mai karatu abin da takardar ta ƙunsa. Ƙofa Tara tsohon wasa ne da ya fito shekara ashirin da uku da suka wuce. Mutum zai zaɓi jarumi ko jaruma, ya sauka wani birni da ke ƙarƙashin ƙasa, takobi a dama, fitila a hagu, ya bi ƙofofi tara, kowace da dodonta. Mu kuma wasu tsirarun masoyan wasan ne da muka ƙera 'yan ƙananan manhajoji na yi masa kwaskwarima, a buɗe cikinsa, a gyara abin da ya lalace, a ƙara abin da babu, muka ɗora su a shafinmu na intanet kyauta ga duk mai so. Lauyanku ya ce mun kutsa cikin dukiyar kamfani, mun ɓata martabar wasan. Ya ba mu kwana goma sha huɗu mu sauke komai daga shafin, mu goge kowane kwafi, mu kuma miƙa sunayen duk masu hannu a ciki. Yau kwana goma sha ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, na ji daɗin takardar. Wasiƙa tara na rubuta wa masu wannan wasa tun ina saurayi, kuma wannan ce amsar farko da na samu. Haƙuri dai ba ya faɗuwa ƙasa banza. Don haka, cikin ladabi, ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya, batun ƙofa ta bakwai.

Yayana malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma shi ya shigo da faifan wasan gidanmu. Kwamfuta ɗaya ce a falon mahaifinmu, muna karɓa-karɓa, shi awa biyu ni rabin awa, bisa wani lissafi da shi kaɗai ya gane adalcinsa. Wata huɗu muka yi kafin mu kai ƙofa ta bakwai. Muka sa makulli, muka ji ƙarar buɗewa, ƙofa kuwa ko gezau. Yaya ya ce ai wasa ƙwaƙwalwa ne masu wasan suka ɗana, ya sayi littafi mai shafi tamanin ya cika shi da lissafin duwatsun da ke jikin bango. Ni kuma na ce faifan ne ya karce, na goge shi da man goge baki har sau uku. Daga nan na fara rubuta wasiƙu. Kamfanin farko ya sayar da wasan ga na biyu, na biyu ya rushe ya faɗa hannun na uku, na uku ku kuka haɗiye shi. Ƙofa dai tana nan a rufe, ita kaɗai ce ba a sauya mata mai gida ba.

Bayan shekara shida, a wani dandalin hira na masoyan wasan, wani mutum da ke kiran kansa Likitan Haƙori, kuma likitan haƙorin ne da gaske, ya sanar cewa ya rubuta wata 'yar manhaja a tsakanin cire haƙori da cire haƙori. Ya sa mata suna Mabuɗi, don tana buɗe cikin wasan a ga hanjinsa. Abin da ya gano shi ne, a ƙofa ta uku akwai wani maƙeri da dodanni suka ɗaure. In ka wuce shi ka bar su suka cinye shi, sai ka tsinci makullin ƙofa ta bakwai a gawarsa, lambarsa saba'in da ɗaya, ƙofa ta buɗe lafiya lau. In kuwa tausayi ya kama ka ka cece shi, sai ya miƙo maka makullin da hannunsa cikin godiya, amma wanda ya rubuta wannan wurin ya juya lambobin, ya sa sha bakwai. Ke nan shekara shida wasanku yana buɗe wa marasa imani hanya, yana tsare masu tausayi a bakin ƙofa.

Ranar da na nuna wa Yaya lambobin nan biyu, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗauko littafinsa mai shafi tamanin, ya sa a ƙasan akwati, ya rantse shi da wasan nan har abada. Malamin lissafi yana iya yafe komai, amma ban da wanda ya juya masa saba'in da ɗaya ta koma sha bakwai.

Likitan Haƙori ya mayar da lambar daidai, ƙofa ta buɗe wa kowa. Ranka ya daɗe, wannan ne kutsen da ake magana? In mai gida ya tafi ya bar rufi yana yoyo shekara da shekaru, mazauna ciki suka hau suka toshe, ranar da ya dawo ƙarar hawa rufi zai kai su? Ina tambaya ne don neman ilimi, ni ban yi karatun shari'a ba.

Na biyu, batun ɓata martaba.

Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da muke kira Mai Labule, don ɗinkin labule da rigunan kujera ne sana'arta. Ita ta koya wa kanta rubuta manhaja a kan teburin yanka, ta ƙera wadda muke kira Allura, ta sauya sutura da taswira. Abin da ya tunzura ta shi ne jarumar wasanku. Ƙofa ta biyar dutsen ƙanƙara ce, iska tana kaɗawa, kerkeci ma yana rawar sanyi, amma kun tura 'yar mutane wurin da wasu ƙarafa biyu da ba su kai murfin kofi ba. Mai Labule ta ce duk lokacin da ta kai wurin nan sai ta ji mura tana neman kama ta. Ta ɗinka mata kwat mai shafi biyu da hula da safar hannu, har da aljihu. Mata da yawa sun rubuto suna godiya, kuma yawancinsu aljihun suka fi yabawa. In rufa wa jaruma asiri shi ne ɓata martaba, to a sanar da mu ma'anar martaba a kamfaninku, don mu gyara ƙamus ɗinmu.

Haka kuma da Allurar muka mayar da maganganun wasan zuwa harshenmu. Dodon ƙofa ta huɗu, wanda a naku yake magana kamar mai karanta sanarwar tashin jirgi, a namu in ya gan ka cewa yake yi, “Kai kuma wa ya aiko ka? An san ka fito a gida?” Ban taɓa jin wanda ya ce ya rage ban tsoro ba. Wasu ma sun ce ya fi, don muryar kawunsu suke ji.

Laifi ɗaya na amsa. Wani da ba mu sani ba ya yi amfani da kayan aikinmu ya mayar da dodannin wasan duka kaji. Na gwada, kuma ban ji daɗin yadda zakara ya kashe ni a ƙofa ta shida ba. Sai dai maƙeri ba ya bin kowace wuƙa gida ya ga abin da za a yanka da ita.

Na uku gajere ne. Lauyanku ya kira ni Shugaban Ƙungiya. Matata ta karanta wurin sau biyu, ta tambaye ni ina direbana. Ba mu da shugaba, ranka ya daɗe. Sunana ya hau shafin ne don ni na cike fom ɗin buɗe shi. Sunayen sauran kuwa da kuke nema, wallahi ban san su ba. Shekara goma sha bakwai muna hira da Likitan Haƙori, na san yana fama da ciwon baya, na san ba ya ƙaunar mara lafiyar da zai ce yana goge baki sau biyu a rana alhali bakin yana ƙaryata shi, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban san garin da yake ba. Ga cikakken jerin da nake da shi, a kai wa lauya: Likitan Haƙori, Mai Labule, Kunkuru, Kunkuru Na Gaskiya, da wani da ke sa hannu da alamar tambaya kawai. Allah ya ba da sa'ar kamu.

Na huɗu, kuma a nan ina roƙon a gyara zama, batun akuya.

Watan jiya kun fitar da sabon bugun Ƙofa Tara, mai ƙyalli, wanda tallarku ta ce injiniyoyinku sun shekara biyu ba su huta ba suna gyara kurakuran tsohon. Na samo shi a ranar farko, don ni masoyi ne ba maƙiyi ba. Na ceci maƙeri, na gangara ƙofa ta bakwai, na sa makulli, ta buɗe. Na yi wa injiniyoyinku addu'a.

To amma lokacin da Likitan Haƙori yake gwada gyaransa shekarun baya, yana bukatar wata alama da za ta nuna masa fayil ɗinsa ne wasan ya ɗauka ba tsohon ba. Sai ya ɓoye wata akuya a bayan ƙofar. In ka shiga, ka juya hagu, ka doki tulun da ke lungu sau uku da gindin fitila, sai akuya ta leƙo daga ciki ta yi magana ta koma. Ya yi niyyar cire ta, ya manta, daga baya kuma muka hana shi, don mun saba da ita. Da na tsinci kaina a wurin a sabon bugunku, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na doki tulu sau uku. Ranka ya daɗe, akuya ta leƙo. Kun ƙara mata ƙyalli, gemunta har kaɗawa yake yi, amma maganarta ba ta sauya ba, kuma da harshenmu ta yi ta:

“Likitan haƙori ne ya gyara ƙofar nan. A riƙa wanke baki kafin a kwanta.”

Ina da 'yan tambayoyi. Wanne ne likitan haƙori a cikin injiniyoyinku? A ina ya koyi harshenmu har ya iya shi haka? Shekara biyun da aka yi ba hutu, a kan gemun akuyar aka yi su? Kuma fayil ɗin da lauyanku ya ce haramtacce ne in yana shafinmu, wane wanka aka yi masa ya halatta da ya shiga naku?

Abin bai tsaya nan ba. 'Yan wasa daga wasu ƙasashe sun ci karo da akuyar, ba su ji abin da take cewa ba, suka tambayi sashenku na amsa tambayoyi. Na ga amsar da idona, an ce wani tsohon yaren mutanen ƙarƙashin ƙasa ne da marubutanku suka ƙirƙira musamman don wasan, kuma ma'anar maganar ita ce jarumi ya yi hattara da duhun da ke gaba. Na karanta wa mahaifiyarmu wannan amsa. Ta ce shekararta saba'in da tara tana magana da yaren mutanen ƙarƙashin ƙasa ba ta sani ba, kuma a gaishe da wanda ya ƙirƙira mata shi. Likitan Haƙori kuwa cewa ya yi bai damu da a ambaci sunansa ba, tunda dai saƙon wanke baki ya kai ƙasashen da bai taɓa mafarkin zuwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo, amma wannan kurar mai haƙuri ce.

Na biyar. A nan zan rage wasa, don wannan ne dalilin da ya sa na zauna rubutu maimakon na sa hannu na huta.

Shekara uku da suka wuce, Yaya yana tsaye a gaban allo yana koyar da 'yan aji biyar, alli ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai 'yan kalmomi da matarsa kaɗai ke ganewa. Mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi maka bayanin yadda agogo yake aiki, shi ne ya koma wuni a kujera yana kallon taga. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ta gaya wa matarsa cewa jiki yana iya ƙoƙari, amma sai an samo abin da shi kansa yake so ya motsa dominsa. An gwada jarida, an gwada rediyo, an kawo tsofaffin ɗalibansa. Ya dube su, ya mayar da ido taga.

Wata Asabar na je duba musu firinta, matarsa tana kwashe tsofaffin akwatuna, sai ga littafin nan mai shafi tamanin da faifan wasan a cikinsa. Na ga idon Yaya ya bar taga ya bi faifan. Na jawo teburin guga gabansa, na ɗora kwamfuta, na kunna. Sai dai wasanku hannu biyu yake so, hagu a madannai, dama a linzamin kwamfuta. Ya yi ta kai hannun hagu nan da can, jaruminsa yana karo da bango, har ɓeran da ke bakin ƙofar farko, wanda aka ajiye don a koyi sara a kansa, ya kashe shi. Ya ture teburin har dutsen guga ya faɗi.

Da yammar ranar na rubuta abin da ya faru a dandalinmu. Kafin na rufe shago Likitan Haƙori ya amso, washegari Mai Labule ta shigo. Mako shida muka yi mu uku, ni da ban iya rubuta manhaja ba na koya ina da shekara arba'in da bakwai, ina yi suna gyara mini kamar ɗan aji ɗaya. Muka tattara duk wasan ya dawo ƙarƙashin yatsu biyar na hagu. Takobi ya riƙa neman abokin gaba mafi kusa da kansa. Muka sa madanni ɗaya da ke rage gudun komai, don mai wasa ya samu sararin tunani. Shan maganin da ke ƙara wa jarumi jini ne ya rasa yatsa, sai Mai Labule ta ce ai ita da ƙafa take ɗinki. Na samo fedar tsohon keken ɗinki na lantarki, na sauya mata waya, na haɗa ta da kwamfutar, na ajiye ta ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu. Muka sa wa manhajar suna Hannu Ɗaya. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to mu ba jinka muka nema ya ɗauka ba, takobi ne.

Ranar da na kai masa, sai da matarsa ta yi ta lallashi kafin ya yarda ya ɗora yatsunsa. Ya taka zuwa bakin ƙofar farko. Ɓeran nan ya taso. Yaya ya rage gudu, ya jira shi, ya sare shi biyu. Sannan ya buɗe baki, da murya tar wadda rabon da a ji ta tun ranar allo, ya ce:

“Shege.”

Matarsa tana kicin ta saki ludayi ta shigo da gudu. Ta dube shi, ta dube ni, ta zauna a hannun kujera tana kuka tana dariya. Daga baya ta ce mini shekara ashirin tana hana zagi a gidanta, ba ta taɓa sanin akwai ranar da za ta ji shi ta gode wa Allah ba.

Ban ce wasanku magani ba ne, likita ma bai ce ba. Abin da na gani shi nake faɗa. Kullum bayan karin kumallo sai ya nuna teburin guga da haɓa. Da ya kai ƙofa ta biyu ya fara ƙoƙarin yi mini bayanin kuskurena a yadda nake riƙe garkuwa, kalma ɗaya yau, uku gobe, don Yaya ba zai iya ganin kuskure ya yi shiru ba ko da rabin harshe ne. A ƙofa ta uku na tuna masa abin da ceton maƙeri ya jawo mana a da. Ya harare ni, ya cece shi. Shekara biyu ke nan yana tafiya a hankali, kuma yanzu haka yana bakin ƙofa ta tara, wadda bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Ni na san abin da ke bayanta, na ga ƙarshen wasan ya fi sau goma, amma ban taɓa gaya masa ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani bakanike da bel ɗin inji ya cinye wa yatsu ya rubuto mana. Wata mai jego ta ce da Hannu Ɗaya ta gama wasan, jariri a ɗaya hannun.

Sabon bugunku kuwa kun sa masa kwaɗo, ba ya karɓar kowace manhaja daga waje. Saboda biyayya, da takardarku ta zo, na ce bari na gwada masa shi ko zai iya, tunda shi ne halattacce. Ɓeran yana nan, kun ƙawata shi, ana iya ƙirga gashin bakinsa. Sau goma sha ɗaya ya kashe Yaya. A na ƙarshe Yaya bai ture tebur ba, juya kujerarsa kawai ya yi ta fuskanci taga. Kwana biyu bai ce wa kowa uffan ba, har sai da matarsa ta kira ni ta ce in ban zo na mayar masa da tsohon ba, kada na sake taka mata gida. Na mayar.

Na shida, rahoton biyayya da roƙo ɗaya.

Mun sauke komai daga shafinmu tun kwana na uku. Da yake mu masu tarbiyya ne, ba ma tashi daga wuri ba sallama, sai muka fara sa sanarwa cewa kamfani ya ba da umarni, jibi za a sauke Mabuɗi da Allura da Hannu Ɗaya, kowa ya yi haƙuri. A kwana biyun nan mutane sun kwashe su fiye da yadda aka kwasa a shekara biyar, kuma na ji an ce yanzu suna shafuka sama da talatin, wasu da harsunan da ko akuyar ba ta ji. Wannan ba da yawuna ba ne. Ni sallama kawai na yi. Kwafin da ke kwamfutata kuwa na goge shi a gaban mai fenti, kuma ya yarda zai ba da shaida muddin ba sai ya sa hannu ba.

Roƙona shi ne, tunda kun riga kun san hanyar rumbunmu, ku dawo ku ɗauki Hannu Ɗaya ma. Kafin na goge, na zuba ta a filas ɗin kwamfuta, na haɗa da zanen yadda ake sauya wayar fedar keken ɗinki, na sa a ambulan ɗin da zai kawo muku kwafin wannan wasiƙa. Ku sa ta a sabon bugunku. Ku sauya mata suna, ku ce injiniyoyinku shekara huɗu suka yi a kanta, ku karɓi lambar yabo, za mu tafa muku. Na tambayi Likitan Haƙori da Mai Labule, duk sun yarda. Ba mu taɓa roƙon a yi mana sata ba sai yau, kuma muna fatan ba za a ba mu kunya ba.

Saura kwafi ɗaya tak a hannunmu, wanda ke kan teburin guga. Jiya da hantsi na je na zauna kusa da Yaya, na yi masa bayanin takardar tun daga farko, na ce ranar Litinin wa'adi yake cika, kuma doka ta ce a goge. Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan ƙofa ta tara. Ya tambayi wa ya ce. Na ce kamfani. Ya ɗan jima yana haɗa kalmomin, sannan ya ce:

“Su zo. Da kansu.”

Ya taka feda ya ci gaba da wasansa.

Don haka, ranka ya daɗe, wannan aiki ya fi ƙarfina. Ni ƙane ne, kuma a gidanmu ƙane ba ya kashe wa yayansa kwamfuta. Na gwada sau ɗaya ina da shekara ashirin da shida, har yau kunnena na hagu yana tuna mini in hadari ya haɗu. Sai dai ku turo wakilinku. Ɗan aikenku mai hular kwano ya san shagona, ni zan raka shi gidan. Ɗaki na biyu ne a hannun dama in an wuce falo, kuma Yaya yana zama daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Matarsa ta ce za ta ba baƙo shayi kamar kowane baƙo, sharaɗinta kawai shi ne ya cire takalmi, kuma ya dubi fuskar mijinta ya faɗa masa da bakinsa abin da ya zo yi, kada ya karanta daga takarda.

Shawara ɗaya zan ba wakilin naku, don ba na so a ce an zo gidanmu an ji ciwo. Ya zauna ta ɓangaren daman Yaya. Hannun hagun shi ne mai aiki, sandarsa a nan take jingine, kuma shekara biyu ke nan hannun yana atisayen sara kullum a wasanku.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ja zamanin Shugaba, ya ba lauyoyi lafiyar rubutu.

Naka mai biyayya a duk abin da bai kai ɗakin Yaya ba,

Mai Gyaran Firinta,
ƙanen Malamin Lissafi.